Tsohon da Ya Ƙi Matsawa daga Ƙarƙashin Kwando

Ƙarfe shida na safe, kafin masu kifi su gama jera kayansu a bakin tashar jiragen ruwa, Narumi Tokuji ya riga ya jingine kekensa a bayan zauren wasanni na garin Kurohama. Yakan cire takalmin waje ya ajiye a kanta, ya tsaya a bakin farin layi ya sunkuya wa filin kamar yadda 'yan wasa suke yi, ko da yake ba mai ganinsa sai kujeru. Sannan ya shiga da safa kawai, ya bi katakon nan taku-taku daga wannan kwando zuwa wancan, saboda a cewarsa ido yana yi wa mutum ƙarya amma tafin ƙafa ba ya yi. Inda ya ji yashi ko danshi ko maiƙo, nan zai durƙusa da tsumma. Sai ya gama wannan yake ɗaukar mofar goge fili, sai ya gama da mofa yake buɗe curin shinkafar da matarsa ta naɗe masa. Haka yake yi shekara talatin da huɗu, kuma a ƙarshen makon nan zai ajiye aikin.

Mutanen garin nan Toku-san suke ce masa. Da yawa cikin masu zuwa kallon ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, wato Gauraki, ba su ma san sunan ba, tsoho mai mofa kawai suka sani. Ranar wasa wurinsa 'yar kujera ce a ƙarƙashin kwando, mofa a hannu, tawul biyu a wuya. Idan ɗan wasa ya faɗi ya bar zufa a ƙasa, wasa kuma ya koma ɗaya ɓangaren, sai ya ruga ya goge ya dawo. Dokar aikin guda ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: da zarar ƙwallo ta juyo, mai mofa ya fita daga fili, ko ya gama ko bai gama ba.

Ban san wani da ya san 'yan wasanmu kamar mutumin nan ba, har da masu horar da su. Ya san wanda yake zufa daga goshi da wanda yake zufa daga baya. Ya san katakon da kowa yake dannawa kafin ya yi tsalle. Akwai wani dogon ɗan wasanmu da ya raɗa wa suna Famfo, saboda in ya faɗi sau ɗaya sai ka rantse bokiti aka kifar, sunan kuwa ya bi shi har 'ya'yansa suna kiransa da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunnensa. Yana ɗakin ajiya, ƙofa a rufe, zai gaya maka wanda ya shigo fili daga kukan takalminsa, har ya ƙara maka da cewa yau wane bai yi barci sosai ba.

A bazarar da ta wuce ne manajan ƙungiya ya kira 'yan jarida ya ce ya ɗauko tsofaffin 'yan wasa uku, duk sun sa hannu na kakar wasa ɗaya. Ƙaraminsu shekararsa talatin da shida. Garin nan kuwa bai iya riƙe baki ba, kuma hedikwatar bakin garin ita ce shagon taliyar Kasai Fumie, shugabar magoya baya. Ita ce take buga 'yar takardar labaran ƙungiya duk mako, shafi ɗaya gaba da baya, ta ajiye a kan kowane tebur kusa da kwalbar yaji. Ina shagon ranar da labarin ya fito.

"Ƙungiya muke da ita ko gidan gajiyayyu?" in ji wani direban tasi. "A sa musu sandar dogarawa a cikin kayan wasa mana."

"Ai manaja ya ce da tsohuwar zuma ake magani," in ji Fumie tana tsame taliya.

"To ya sha zumarsa shi kaɗai. Mu ƙwallo muka zo kallo."

"Biyun dai da sauƙi," in ji ta. "Na ukun ne ya tsaya mini a wuya. Ebina. Lokacin da yake da ƙafa ya tattara ya tafi babban birni, yanzu da ta ƙare ya tuna hanyar gida."

Toku-san yana can ƙarshen kanta yana cin taliyarsa da rabin dafaffen ƙwai da Fumie take ɗora masa kyauta tun suna matasa, don ajinsu ɗaya a firamare. Sai ya ajiye tsinken cin abincinsa, bai kuma ƙarasa kwanon ba.

Ebina Ryohei ɗan garin nan ne, ɗan wani masunci, kuma a filin nan ya fara. Yana da shekara ashirin da biyu ana ta maganar za a kira shi ƙungiyar ƙasa. Wata Lahadi, shekara goma sha shida da suka wuce, ya ƙwace ƙwallo ya sheƙo shi kaɗai zuwa kwando, ya danna ƙafar hagu a kan zufar wani, gwiwar ta juya. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi daga fili. Ya yi shekara guda yana jinya, ya dawo ya yi wasa mai kyau har manyan ƙungiyoyi suka ɗauke shi, amma kiran ƙasa bai sake zuwa ba. Kowa ya ce tsautsayi ne, shi ma Ebina haka ya ce. Abin da ba wanda ya sani shi ne Toku-san ya ga ruwan. Ya taso da mofa, ya yi taku uku, ƙwallo ta juyo, sai ya ja da baya kamar yadda doka ta ce. Ba wanda ya tuhume shi, domin daidai ya yi. Shi ne ya riƙe wa mutum huɗun nan ƙofa suka wuce da yaron, kuma tun ranar ƙofar nan ba ta bar zuciyarsa ba.

Da Ebina ya dawo, safiyar farko ya iske tsohon a durƙushe a tsakiyar fili.

"Toku-san, har yanzu kana nan? Na zaci sun saka ka a gidan tarihi."

"Suna jira a kawo ka ne a haɗa mu. Cire wannan takalmin, da shi ka taka waje."

Suka yi dariya, Ebina ya canja takalmi ya fara gudu. Toku-san ya sunkuyar da kai yana saurare. Takalmin dama yana kuka yadda ya kamata, na hagu kuwa da ƙyar yake fitar da sauti, alamar mai shi yana lallaɓa ƙafar, ba ya yarda ya ɗora mata nauyi. Likitan ƙungiya ya duba ya ce ba laifi, manaja ya yarda, amma katako ya faɗa wa Toku-san gaskiya. Ebina ba wani abu ya dawo nema ba illa ya ƙare a garin da ya fara, a gaban tsohon mahaifinsa, yana tsaye. Ranar nan Toku-san ya ɗaukar wa kansa alkawari ɗaya, bai gaya wa ko matarsa ba: mutumin nan zai bar filin nan da ƙafafunsa.

Daga nan aka ga tsohon ya ƙara wa kansa aiki. Katako na uku a hagun kwando, inda Ebina yake dannawa kafin ya tashi, sau biyu yake goge shi inda yake goge sauran sau ɗaya. In ana hutu, kafin alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya riga ya isa wurin. 'Yan kallo har suka fara tsokanarsa, wai ko zinariya ya binne a ƙarƙashin katakon.

Sai Lahadin tsakiyar Janairu ta zo. Dusar ƙanƙara ta rufe gari, amma zauren ya cika maƙil tun ƙarfe ɗaya na rana, domin maƙwabtanmu na tsallaken dutse ne suka zo, waɗanda muka shekara shida ba mu ci su ba. Saura daƙiƙa goma sha biyar a tashi, suna gabanmu da maki ɗaya. Famfo ya yi tsalle a ƙarƙashin kwandon da muke jefawa, ya rasa, ya faɗi ruf da ciki, ya tashi ya bi sahu. Baƙi suka ɗauki ƙwallo suka nufi ɗaya ɓangaren. Toku-san ya taso. Taku uku ya yi, sai ga Ebina ya fizge ƙwallon a tsakiyar fili ya juyo, ba kowa a gabansa, kwando a buɗe. Mutum dubu uku suka miƙe tsaye.

Doka ta ce ya fita. Bai fita ba. Ya yar da mofar, ya zube da tawul a kan katako na uku, ya kwanta a kai da ƙirjinsa.

"Baba, matsa!" Muryar Ebina ce, har kujerun sama an ji ta.

Bai matsa ba. Ebina ya ja birki ya kauce, alƙali ya busa usur ya tsayar da wasa. Aka ba mu ƙwallo daga gefe, saura daƙiƙa huɗu, baƙi sun riga sun dawo sun tsare ko'ina. Muka jefa, ta daki ƙarfe ta fito. Muka faɗi da maki ɗaya.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ina cikin waɗanda suka yi masa ihu ranar. A garin nan ba mu saba yi wa mutum ihu ba, ko baƙon da ya ci mu tafi muke yi masa, amma ranar mun yi. Tsohon ya miƙe, gaban rigarsa sharkaf, ya sunkuya wa kujerun gabas, ya sunkuya wa na yamma, ya ɗauki mofarsa ya fita. Duk mun ga rigar a jiƙe, ba kuma wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya jiƙa ta. Ebina ya wuce ta gabansa ko kallonsa bai yi ba, don ƙwallon nan ita ce za ta rufe bakin duk masu kiransa gajiyayye.

Washegari manaja ya kira Toku-san ya tambaye shi dalili. Ya ce ƙafarsa ce ta harɗe. Aka ɗauke shi daga ƙarƙashin kwando aka mayar da shi bakin ƙofar shiga, yana miƙa wa 'yan kallo ledar saka takalmi yana goge ruwan ƙanƙarar da suke shigowa da shi. Da safe kawai aka bar masa filin, lokacin da ba kowa. Takardar Fumie ta fito da manyan baƙaƙe: Mofa Ta Ci Gauraki. Shi kuwa da ƙafarsa ya je shagon, ya sunkuya, ya miƙa mata takardar ban haƙuri mai layi biyu, ya roƙa a buga.

"Toku-chan, tsufa ne ko hauka?" in ji ta, da sunan da take kiransa tun suna yara.

"Tsufa ne."

"Tun muna aji uku in ka yi ƙarya kunnenka yake ja. Ga shi nan ya yi ja."

"Sanyi ne. Ba ni taliya."

Ta ba shi taliyar, amma ba ƙwai. Wata uku yana zuwa yana cin ta haka, bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa mantawa ta saka ba.

Kwana goma bayan wasan, da safe, Ebina ya same shi a bakin ƙofa yana jera leda. Koci ya nuna wa 'yan wasa bidiyon wasan a daren jiya, Ebina ya sa an mayar da shi baya sau uku, ya ga abin da ke sheƙi a ƙasa kamar faranti kafin tsohon ya rufe shi.

"Toku-san, ruwa ne a wurin."

"Ka tsaya a inda na goge. Matsa can."

"A kan katakona yake. Da na taka shi da hagu..." Bai ƙarasa ba. "Yanzu zan je wurin manaja."

"Ka ce masa me? Ka ce gwiwarka ta kai matsayin da tsoho zai kwanta mata a ƙasa? Gobe ka koma benci, jibi ka koma gida ka taya babanka gyaran koma. To kwanciyar da na yi ta zama ta me?"

"Wa ya ce maka gwiwata ta lalace? Likita ma bai gani ba."

"Likita ba ya jin takalmi. Na damanka yana magana, na hagu raɗa yake yi tun ranar da ka dawo."

Ebina ya ce, "Garin nan kaf suna zaginka saboda ni."

"Zagi ba ya karya ƙashi. Waccan shekarar na ga ruwan, Ryohei. Na gan shi da idona, na ja da baya."

"Ban taɓa ganin laifinka ba."

"Kai ba ka gani ba, ni na gani. Saura wasa ashirin da shida. Ka je ka buga su, ka bar mini ƙofata."

Ya buga su kuwa. Ba zan ce ya koma yaro ba, wani lokacin minti goma yake yi a fili, wani lokacin sha biyar, amma duk sanda wasa ya rikice shi ake sakawa ya kwantar da hankalin yaran. Shi da sauran tsofaffin biyu suka riƙe ƙungiyar har ta ƙare a tsakiyar teburi, wurin da rabonmu da shi an daɗe. Direban tasin nan ma ya fara cewa shi dama ya san za a rina. Duk wannan Toku-san bai ga ko ɗaya ba. Daga bakin ƙofa yake bin wasan da kunne, in ya ji ƙarar faɗuwa sai hannunsa ya tsaya cak a kan leda har sai ya sake jin raɗar takalmin hagun nan.

Wasan ƙarshe ya faɗo a ƙarshen Afrilu, ana yayyafi. Bayan an tashi aka kawo furanni, aka ba Ebina abin magana don ya yi ban kwana. Ya gode wa mahaifinsa da ke zaune a layin gaba da hular masunta, ya gode wa koci, sannan ya ce a kira masa mutumin da ke bakin ƙofa. Aka shigo da Toku-san, mofa a hannu, yana ta waige kamar wanda aka kamo.

"Shekara goma sha shida da suka wuce mutum huɗu ne suka fitar da ni daga nan," in ji Ebina. "A watan Janairu saura taku biyu a sake ɗaukata, kuma a waɗannan shekarun nawa ba a dawowa. Akwai ruwa a kan katakon da nake takawa. Dattijon nan ya kwanta a kai. Na yi masa tsawa, ku kuma kuka yi masa ihu. Ya hana ni faɗa don kada a zaunar da ni. Yau ba sauran abin da za a zaunar da ni a kai, shi ya sa na faɗa. Ku duba ku gani, da ƙafafuna zan fita."

Ya ajiye abin maganar, ya taka a hankali daga tsakiyar fili har bakin farin layi. Zauren ya yi tsit, har kana jin takunsa. Ya juyo ya sunkuya wa filin yadda aka saba. Sannan ya juya wajen tsohon ya sunkuya, ya ƙi ɗagowa, hawaye suna ɗiga a kan katako. Mahaifinsa ya cire hula. Na hango Fumie ta rufe fuska da takardarta.

Toku-san ya tsaya yana kallonsa. Can ya zaro tawul daga wuya, ya durƙusa, ya goge inda hawayen suka zuba.

"Ɗago haka nan," in ji shi. "Kana jiƙa mini fili, wani zai zame."

Takardar Fumie ta makon ba ta da labarin wasa ko ɗaya. Ban haƙuri ne daga sama har ƙasa, ta sa sunanta a farko, ta bar bayan shafin fari don duk wanda ya yi ihu ya sa nasa. Ban ƙirga ba, amma sai da aka ƙara takarda. Da Toku-san ya je shagon ta dire masa kwano da ƙwai har uku, ya duba ya ce likita ya hana shi. "Za ka ci ko in ɗura maka," in ji ta. Ya cinye.

Toku-san, kai ne wanda ka shekara talatin da huɗu kana durƙusa a gaban mutane ba tare da ka ƙasƙanta ba. Kai ne ka san cewa ƙafar mutum ta fi maki biyu, a ranar da mu dubu uku muka manta. Ana rataye rigunan 'yan wasa a rufin zaure in sun ajiye ƙwallo, ba a rataye tawul, amma yara nawa ne suka gama wasa a garin nan suka tafi gida da gwiwoyinsu lafiya ba su san wa za su gode wa ba? Ka bi doka sau ɗaya ta bar maka ciwon shekara goma sha shida, ka taka ta sau ɗaya ka ɗauki zagin wata uku, kuma a duka biyun ba ka jingina wa kowa nauyin ba. Gogan katako, mai jin abin da likita bai gani ba, mun gode.

Ku kuma masu zuwa kallo, a nan ko a wani gari, in kun zauna ku ɗan sauke ido daga kwando ku dubi ƙarƙashinsa. Akwai mai zama a wurin. Wanda duk aka ba shi ɗan wuri ya kula da shi, ko da faɗin katako ɗaya ne, ya kula da shi irin kulawar mutumin nan. Kuma kafin mu sake buɗe baki mu yi wa wani ihu, mu tsaya mu tambayi me ya jiƙa masa riga.

Asabar mai zuwa zai shiga filin da safa a karo na ƙarshe, ya rataye mofar a ƙusarta, ya ɗauki kekensa. Za mu jira shi a bakin ƙofar nan da muka tura shi. Ranar Janairu kai ka sunkuya mana, Toku-san, alhali mu ne da laifi. Wannan karon mu za mu sunkuya, kuma ba za mu ɗago ba sai ka ce mu ɗago.